Hannun Hansatu Mai Yaji

Idan ka shigo unguwar Dogo Nini a Potiskum ka tambayi gidan Muhammadu Lawan direba, za a yi ta kallon juna, don direbobi a unguwar sun fi a ƙirga. Amma ka ce gidan Hansatu mai yaji kake nema, ko mai shagon cajin waya zai nuna maka da baki ba tare da ya ɗago kai ba. In ma ba ka sami mai nuna maka ba, tsaya ka kasa kunne. Inda ka ji taɓarya tana sauka kamar turmin ne ya yi laifi, to nan ne. Kafin ka kai ƙofar gida atishawa ta riga ta tarbe ka.

Hansatu gajeriya ce, mai jiki, shekarunta hamsin ba biyu ko hamsin da biyu, ya danganta da wanda ya tambaya. Rabin masu tsire da balangu na bakin Kasuwar Shanu yajinta suke barbaɗawa, direbobin da ke kai shanu kudu kuma suna ƙulle shi a leda su tafi da shi, wai abincin can ba ya wuce maƙogwaro sai da shi. Baki kuwa Allah ya ba ta. Ta taɓa tsare wani mai tirela da ya toshe musu lungu, ta wanke shi tas, har ya ja motarsa da baya yana ba da haƙuri ta taga. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai, 'yan unguwa sun ce shi take juya wa duk mai neman gyara. Ko a tsakiyar zafin bazara, lokacin da kowace mace ke yawo a tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji, ita da rigarta har wuya, shi ya sa wasu ke ce mata ustaziya.

Sai dai duk wannan bakin, hannu babu. Ba a taɓa ganin Hansatu ta daki wani abu mai rai ba. Akuyarta Kyalla takan shiga har madafi ta tura kai cikin kwanon tsaki, Hansatu na tsaye a kanta, hannuwa a baya, tana mata nasiha.

"Haba Kyalla, da girmanki? Ke ko kunyar 'ya'yanki ba kya ji?"

Akuyar takan ɗago ta dube ta, ta gama abin da ya kawo ta, sannan ta fita a natse. Mijinta Muhammadu Lawan ya sha faɗa wa abokansa cewa a gidansa akuya ce mai gida, shi baƙo ne da ake yi wa kara.

Yajin ma da ya ɗaukaka ta ba da niyyar sana'a ta fara shi ba. Duk ranar da yara suka kai ta bango, ba ta zagi, ba ta ɗaga hannu, sai ta ja turmi, ta zuba barkono da citta da kanumfari, ta hau daka. 'Ya'yanta huɗu, Basira da Sadiya da Ikrama da Jamaluddeen, da tsawon daka suke auna girman laifinsu. In ta yi 'yar kaɗan ta tsaya, abin mai sauƙi ne. In aka kira azahar tana kai, kowa sai ya nemi tsintsiya ko bokiti ya kama aikin da ba a sa shi ba. Da yaji ya yi wa gida yawa aka fara rabawa maƙwabta, daga nan masu nama suka ji labari. Tsofaffin unguwa sun yi ta cewa yaran da ba sa shan bulala lalacewa za su yi. Yau ga Basira tana koyarwa a firamare, sauran ma babu wanda aka taɓa kawo ƙararsa, tsofaffin kuma sun koma sayen yaji ba su sake tayar da zancen ba.

Kowa ya ɗauka sanyin hali ne. Ba shi ba ne. Tsoro ne, kuma daga Gadaka ta taho da shi.

A can aka haife ta, gidan manoma. Uwarta Meram ta haifi bakwai ta binne biyar. Ko baƙin cikin ne ya juye mata, ko haka aka halicce ta, Hansatu ba ta sani ba, ta kuma gaji da tambayar kanta. Abin da ta sani shi ne Meram ba ta duka irin na sauran iyaye, mari ɗaya cikin fushi a wuce wurin. Ita shiri take yi. Takan aiki yarinyar ta karyo tsumagiyar tsamiya da hannunta, ta ɗaure uku ko huɗu wuri ɗaya, ta tsoma a ruwa don kada su karye, ta ci gaba da aikinta. Hansatu na zaune tana kallon ƙullin yana jiƙa. Sai an sauke tuwo, an wanke kwanuka, sannan a ja ta ɗaki a turo ƙyaure. Laifin kuwa bai wuce tulu ya fashe ba, ko gishiri ya zarce, ko ta yi dariya ranar da uwar ba ta tashi da son jin dariya ba. Kunnen nan da 'yan unguwa ke tsokanarta da shi, muciya ce ta same shi tana 'yar shekara tara.

Maƙwabta suna ji, dangar kara me za ta ɓoye? Sai su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan karin magana ta sha wahala a bakin mutanen da ba su taɓa leƙawa sun ga ko iccen tanƙwaruwa yake ko karyewa ba. Ubanta in ya dawo daga gona ya same ta a rakuɓe, abin da yakan ce ke nan: "Ki yi haƙuri, uwarki ce." Ta yi haƙurin, don ba a ba ta wani abin ta zaɓa ba.

Muhammadu Lawan ya gan ta ne a kasuwar Gadaka, lokacin yana bin motar da ke ɗaukar wake. Ta so shi, ya so ta, aka ɗaura aure ya kawo ta Potiskum. Mutum ne marar yawan tambaya. Da ya lura amaryarsa ba ta iya zama a ɗaki da rana in ƙyaure na rufe, gumi ya yi ta keto mata, bai tambaye ta dalili ba. Ya nemo guduma ya cire ƙyauren ya rataya labule, ya ce wai ɗakin ne ba ya shan iska.

Da ta haifi Basira aka zo tafiya da ita Gadaka wankan gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta zuwa. Aka yi surutu har aka gaji. Maƙwabciyarsu Ya Kaka, wata Babarbariya siririya mai son goro, wadda rabin matan unguwar ta hannunta suka yi jego, ita ta ce a bar mata yarinyar. Ran wankan farko, da Hansatu ta sauke riga Ya Kaka ta ga bayanta, goron da ke bakinta ya tsaya. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta yi mata sannu irin ta Barebari, "Wushe da wahala, 'yata," ta zagayo ta gabanta yadda Hansatu za ta riƙa ganin hannunta, ta yi ta zuba mata gulmar unguwa har ruwa ya ƙare. Haka suka yi kwana arba'in. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Ya Kaka ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Basira na shekara uku ta ɓarar da kwalbar man gyaɗa. Hansatu ba ta san lokacin da ta isa gindin bishiya ba, sai ganin tsumagiya ta yi a hannunta, ta riga ta zage ganyen. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ake cewa, ga shi kuwa ta gani da idonta. Ta jefar da tsumagiyar ta rarumi taɓarya ta nufi turmi. Daga ranar ta yanke wa hannunta hukunci: ba zai daki ɗa ba. Amma da yake ba ta yarda da hannun ba, sai ta haɗa har da abin da ba duka ba. Kitso akwai ja, yaro yakan yi kuka, sai ta tura Basira gidan Ya Kaka. Cuɗa da soso, cire ƙaya, matse ƙurji, duk wani abin da zai sa ɗa ya ce wash a ƙarƙashin hannunta, ta bar wa wasu. Mutane suka ce alkunyar 'yar fari ce, har ana yaba mata. Ita kuwa ta sami inuwa ta fake.

Meram ta rasu shekara tara da suka wuce. Hansatu ta je ta zauna kwana uku, aka ce ta yafe mata, ta ce ta yafe, don ba a jayayya da gawa. Ta dawo gida ta daka yajin da ya ishi kasuwa biyu.

Bana Basira ta haifi ɗanta na fari. Mijinta Yunusa mahauci ne a kasuwar, uwarsa Hajiya Fanne ita ta yi wa mai jego wankan makon farko a gidansu. Aka yi suna, yaro ya ci Mahdi, washegari aka kawo Basira Dogo Nini ta ƙarasa arba'in a gaban uwarta. Hansatu ta yi rawar gani. Itace ta tara kamar za a yi biki, kunun kanwa ba ya yankewa, yajin jego kuwa ta daka wanda ko masu tsire ba su taɓa ɗanɗana irinsa ba. Jaririn ma tana ɗaukarsa, a hankali kamar ƙwai, tana ce masa mai gidan da ya zo ba ko kuɗin cefane. Wanka kuma na Ya Kaka ne, safe da yamma. Takan karyo ganyen maina, wato darbejiya, ta ɗaure, ta tsoma a ruwan zafi ta riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da kafaɗu, Basira na ihun an ce musu a asibiti ban da tafasasshe, tsohuwar na sirkawa tana mitar 'yan boko. Duk lokacin da aka shiga wankan, Hansatu sai ta tuna tana da saƙo a maƙwabta.

Mako ɗaya ana haka, ran nan da safe Ya Kaka ta shigo da tsumma ɗaure a hannun dama.

"Hannu ya ƙi, 'yata. Ko buta ba na iya ɗagawa."

"Subhanallahi! To wa za mu samu?"

"Wa kuwa? Uwa na tsaye da ƙafafunta a nemo bare?"

Washegari Hansatu ta leƙa duba ta, ta same ta tana jan ruwa a rijiya, tsumman ya koma hannun hagu.

"Ya Kaka, jiya ba dama ba ne?"

"Ciwon tsufa yawo yake yi. Yau nan, gobe can." Ta sauke guga ta dube ta ido cikin ido. "Shekara ashirin da shida ina riƙe miki 'ya. Na tsufa, Hansatu. In na mutu gobe wa zai taɓa ta? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Hansatu ta dawo gida tana faɗa ita kaɗai, ta ce tsohuwa ta rasa abin wasa sai ita. Amma ta hura wuta, ta dafa ruwa, ta juye a baho ta sirka har gwiwar hannunta ta iya zama a ciki. Ta karyo ganyen maina, ta jera rassan, ta ɗaure gindinsu da zare, ta tsoma. Nan ta tsaya. Ƙulli ne ɗaurarre yana jiƙa a ruwa, ga yarinya tana jira. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Ga ruwa nan, ki fara," ta ce da Basira daga bakin banɗaki. "Na bar abu a wuta."

Babu komai a wuta. Basira ta yi wankanta ita kaɗai, tana jiyo taɓarya. Da yamma aka maimaita, washegari ma haka. Kwana uku Hansatu na barin abu a wuta.

Ran Laraba Hajiya Fanne ta zo da kular farfesun ƙafar saniya. Mace ce mai fara'a, amma idonta ba ya wuce komai. Aka gaisa, ta ɗauki jikanta ta yi masa wasa, sannan ta danna kafaɗar Basira da yatsa kamar mai taya mangwaro.

"Jikin nan bai gasu ba. Wa ke miki wanka?"

Basira ta sunkuyar da kai. "Ni nake yi."

"Ke? Hannunki ya kai bayanki?" Ta juyo ga Hansatu da murmushi. "Maman Basira, ba raini ba ne, na san sana'a ta yi miki yawa. Jibi Juma'a Yunusa zai zo da Keke mai ƙafa uku ya ɗauko ta, in ƙarasa mata. Ai duk ɗaya ne, 'yarki 'yata ce."

Matar da ta sa tirela ta yi baya sai ga ta ta miƙe salin-alin. Ta raka baƙuwa har ƙofar gida tana godiyar farfesu.

A ɗauke mai jego daga gidan uwarta kafin arba'in, wannan magana ce da za ta zaga Dogo Nini kafin la'asar, ta kuma daɗe ana tuna ta a gidajen suna. Amma ba surutun ne ya hana Hansatu cin abinci ba. Ta saba da bakin mutane, nata ya fi nasu. Abin da ya soke ta shi ne Basira ba ta ce uffan ba. Ba ta ce a'a ba, ba ta ko dubi uwarta ba. Hansatu ta san in yarinyar nan ta fita ran Juma'a, za ta riƙa zuwa gaisuwa da salla, ta kawo atamfa, ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa, shi ke nan.

Ran Alhamis bayan la'asar ta ɗora ruwa kamar kullum, ta shiga ɗaki ta sami Basira tana ninke kayan jariri tana jerawa a jaka. Mahdi na barci a gefe.

"Har kin fara haɗa kaya."

"To me zan zauna yi, Mama?"

"Abinci ne bai ishe ki ba? Ko kunun ne?"

"Abinci kam har ya yi yawa." Basira ta ajiye rigar da ke hannunta. Bakin uwarta ta gado, in ta fara ba ta tsayawa. "Mama, ni fa ban san hannunki ba. Kitso Ya Kaka. Lallen aurena Ya Kaka. Ranar da na yi zazzaɓin da aka ɗauka ba zan tashi ba, Baba ne ya kwana yana taɓa goshina, ke kina bakin ƙofa. An ce alkunya ce, na yarda. To Sadiya ma 'yar fari ce? Ikrama fa? Ƙawayena suna ba da labarin dukan da suka sha, wallahi har kishi nake yi, ko ba komai an taɓa su. Ki faɗa min gaskiya, ƙyamarmu kike yi?"

Hansatu ta juya ta fita. Ƙafarta ta san hanya, sai ga ta a gaban turmi, taɓarya a hannu. Ta ɗaga.

"Ki daka, Mama," Basira ta ce daga ɗaki. "In kin gama zan tafi."

Taɓaryar ta daɗe a sama. Sannan Hansatu ta jingine ta da bango. Ta koma ɗakin, ta zauna a bakin gado ta ba 'yarta baya, ta kama gindin rigarta ta cire ta ka.

Tabon ya tsufa, ya yi fari-fari, amma yana nan, layi a kan layi, daga kafaɗa har ƙugu, wani ya hau kan wani. Basira ta yi salati a hankali.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Kakarki."

"Kaka Meram? Mai aiko mana da gyaɗa?"

"Ita." Hansatu na kallon bango. Ta ba ta labarin tsamiya da ruwa da ƙyaure, a gajarce, kamar mai ba da labarin wata 'yar maƙwabta. Ta ba ta labarin kwalbar man gyaɗa. Ta ɗaga hannuwanta biyu tana juya su. "Dube su. Irin nata ne, har yatsun. Ba ƙyamarku nake ba. Ina son ku har ina jin zafinsa a ƙirjina. Tsoro nake ji. Na ce in na fara, wa ya san inda zan tsaya? Gara ku rasa hannuna da ku san shi yadda na san nata."

Sai ta ji yatsu a bayanta, masu ɗumi, suna bin layin ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar da aka yi tabon, ban da Ya Kaka da Muhammadu Lawan babu wanda ya taɓa ganinsa. Ta so ta zame, ta daure. Basira ta kifa goshinta a tsakiyar bayan tana kuka, Hansatu na jin hawayen na gangara. Suka daɗe a haka, har Mahdi ya yi juyi ya koma barcinsa.

Basira ce ta fara jan hanci ta miƙe.

"Mama, ruwa na hucewa."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. In kin yi da zafi zan kurma ihu, Ya Kaka ta ji ta warke." Ta ɗaura zani ta nufi ƙofa. "Kayan kuma a bar su a jaka tukuna, sai na ga irin wankan."

Banɗakin gidan ba rufi, rana ta yi sanyi, tururi na tashi daga baho. Basira ta zauna a kujera 'yar tsugunne ta juya baya. Hansatu ta sa hannu ta ɗauko ƙullin, ruwa na ɗiga daga ganyen. Ta yi bisimilla sau uku, ko da yake ɗaya ta isa. Ta ɗan goga shi a kafaɗar yarinyar ta janye.

"Mama, ƙuda kike kora min?"

"Ke, ki yi min shiru."

"To ai ko Mahdi sai ya fi haka ƙarfi. Ki fyaɗa mana, yadda zafin zai shiga."

Hansatu ta sake tsomawa. Ta ɗaga hannu sama, har sama, inuwarsa ta faɗa a bangon da ke gaban Basira. Ta san abin da baya ke yi in hannu ya tashi a kansa, babu wanda ya fi ta sani. Kafaɗu kan haura su nemi kunne, wuya ya shige ciki, numfashi ya tsaya. Ta dubi bayan 'yarta tana jiran ta ga haka.

Kafaɗun na nan a sake. Basira ta sunkuya tana susar idon sawunta, tana mitar wai Yunusa ya sayo wa jariri takalmi, yaron da ko zama bai fara ba, amma sabulun da ta aike shi ya manta. Ga inuwar hannu a gabanta, tana ganinta sarai, ko gezau. Yarinyar nan ta yi shekara ashirin da shida a duniya, a gidan Hansatu, ba ta san ana tsoron hannun uwa ba.

Ganyen ya sauka, fyat, ruwa ya fantsama.

"Wash! Yauwa. Nan ne, ƙasa kaɗan."

Ta sake tsomawa ta sauke ƙasa kaɗan. Ta sake. Hannun ya tsaya inda ta ce ya tsaya, ya tashi lokacin da ta ce ya tashi. Da ta ga fatar ta yi ja sai ta sassauta, ta sa tafin hannunta na hagu ta shafa wurin, ta bar shi a nan ya ɗan jima. Fatar 'yarta ce, mai santsi, ba ko ɗigo.

"Saura kwana ashirin da ɗaya fa, safe da yamma," Basira ta ce, ido a rufe. "Kada gobe ki zo min da tsumma a hannu."

Hansatu ta sake tsoma ganyen a ruwa. Basira ta ɗan waiwayo.

"Mama, kuka kike yi?"

"Tururi ne. Juyo min ɗaya kafaɗar."

Basira ta juyo mata ita.